Littafin da Na Yanka da Reza

Na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ba a gabansu aka yi ba. A wajen sunan jikana, ɗan Aminu, na ji gwaggonku Larai tana gaya wa mata wai an kore ni daga Faskari ne don na sayar da littattafan gwamnati, wata kuma ta gyara mata zance ta ce ba sayarwa na yi ba, ƙonawa na yi. Ina zaune a bayansu da kwanon waina a hannu, ko waiwayowa ba su yi ba. To tunda har yanzu yatsuna suna iya riƙe biro, bari in rubuta muku da kaina, ku huɗun nan, musamman ke Bilki, autata, domin ke kika fi kowa cancantar sanin abin da ya raba ni da gida shekara huɗu. Ban sayar ba, ban ƙona ba. Littafi ɗaya ne tak, kuma yanka shi na yi da reza.

A lokacin ina aikin ungozoma a wani asibiti a Faskari, kusa da gida ƙwarai, har nakan leƙo da azahar in ga abin da kuka ci in koma. Babu ma'aikaciyar da ba ta yi mini sha'awar wannan wuri ba. Sai wata ƙungiya ta kawo kwalaye na littattafan aikin lafiya, aka ce a buɗe ɗakin karatu na ma'aikata, wanda na Faskari da na Sabuwa da na Kankara duk za su amfana da shi. Aka share wani ɗaki da ake jibge karyayyun gadaje, aka sa kabad biyu masu gilashi da tebur da benci. Da aka zo neman mai kula da shi kowa ya sunkuyar da kai, sai aka nuna ni, wai an sha ganina ina karanta takardar cikin kwalin magani har ƙarshenta. Ni kuwa da wautata na yi murna har na yi guɗa a zuci, ina ganin Allah ya kawo mana haske har gida.

Shugaban asibitin, Alhaji Lawal, mutum ne mai tsafta da tsoron Allah, amma in gaskiya za a faɗa, tsoron masu zuwa duba aiki ya fi bayyana a fuskarsa. Ranar da ya miƙa mini mabuɗi ya tsaya a bakin ƙofa ya karanta mini doka.

"Malama Hajara, wanga kaya amana ne. Ba a hita da ko guda. Wanda ke cikin leda a bar shi cikin leda, in baƙi sun zo su ga ba mu wulaƙanta ba."

"Ranka ya daɗe, to ta yaya za a karanta abin da ke cikin leda?"

"Ai ga sunanshi nan rubuce a waje."

Sai da na yi mako uku ina binsa kafin ya yarda a cire ledar, da sharaɗin in ninke ta in adana. Amma maganar aro, ko kusa. Mai son karatu ya zo ya zauna a benci tsakanin hantsi da azahar. Ku duba mini wannan tsari don Allah. Ma'aikacin da ke ƙauye bayan Sabuwa, shi kaɗai a ɗakin shan magani, marasa lafiya sun yi layi a ƙofa, shi ne zai rufe wurin ya hau mota ya zo Faskari ya zauna a benci? Mu ma da ke cikin asibitin ba mu zo ba. Ɗakin ya zama wurin salla na mata, da wurin cin alala, akwai ma wanda ya roƙe ni in ajiye masa buhun masara biyu a ƙarƙashin tebur saboda wurin ba ɓera.

Da na ga mutane ba za su zo ba, sai na ce bari ɗakin ya je wurinsu. Na fara rubuta takarda guda kowane wata, ina bugawa a tsohuwar tafireta da takardar kabon, biyar-biyar, har kafaɗata ta riƙe. A sama in sa labarai: wanda aka canja wa wurin aiki, ranar da za a yi bita, wadda ta haihu a cikinmu, ranar da allurar rigakafi za ta iso. A ƙasa in sa abin karantawa na watan, in ce ku duba littafi kaza, babi kaza, akwai sabon bayani a kan ƙyanda, ko cizon maciji tunda damina ta kama, ko yadda ake kula da cibiyar jariri. In masu ɗaukar rigakafi sun zo daga Daudawa da Damari da Kankara, in cusa wa kowa tasa a gefen akwatin sanyi. Wata uku ina wannan wahala ina jin kaina wata babba, sai ran nan na leƙa tagar ba da magani na tarar da Malam Iro, mai ba da maganin, yana ƙunshe wa wata tsohuwa ƙwayoyi a cikin rubutuna.

"Malam Iro, mi nike gani haka?"

"A'a, Malama, kwantar da hankalinki. Ba mu taɓa na sama ba, wurin labarai. Na ƙasan ne muke yagewa."

Na koma na juya tsarin, na sa abin karantawa a sama, labarai a ƙasa. Da wata ya zagayo suka yage na saman. Na cakuɗa su, layin labari, layin littafi, sai aka aiko mini da ƙorafi wai takardar ta yi wuyar karantawa. Wallahi akwai ranar da na zauna a bencin nan ni kaɗai ina yi wa kabad faɗa.

Mutum ɗaya ce ta taɓa ba ni amsa a rubuce, ita ce Hajiya Rabi, ungozoma a wani ƙaramin asibiti kusa da Damari. Ta girme ni nesa ba kusa ba, a hannunta na fara karɓar haihuwa ina ɗaliba, kuma ba ta iya rufa-rufa ba. Ta maido mini da takardata, a bayanta ta rubuta cewa kowane wata ina ce musu su duba babi kaza, shin daga Damari za su hango shi? Ta ce in na ga dama in riƙa aiko musu da sunayen abinci ma, su karanta in yunwa ta kama su. Na ji haushi na kwana biyu, saboda na san gaskiya ta faɗa.

Bayan girbin gero sai ga ta da kanta. Na ga ta rame, ba ta tsokane ni ba kamar yadda ta saba. Ta zauna ta gaya mini cewa wata mata ta haihu a hannunta lafiya lau, yaro ya yi kuka, ana ta barka, sai jini ya ɓalle. Ta yi duk abin da aka koya mata tun tana budurwa, kafin a samo motar da za ta kai su babban asibiti rai ya yi halinsa. Na ɗauko mata babban koren littafin nan na haihuwa, wanda ya fi kowanne kauri a kabad, na buɗe mata babin zubar jini bayan haihuwa. Akwai zane-zane a ciki, ana nuna inda za a sa hannu a murza mara, da abin da za a fara dubawa, da wanda zai biyo baya. Tana bi da yatsa a hankali, ina fassara mata inda Turancin ya yi tsauri. Ba mu kai rabi ba aka aiko cewa motar Sabuwa ta cika, ita ake jira. Ta rungumi littafin muka nufi ofishin Alhaji Lawal. Ya miƙe tsaye ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata ta'aziyya, sannan ya ce:

"Hajiya, ki yi haƙuri. In na ba ki, gobe na Kankara su zo, jibi na Daudawa. Mi za ni nuna ma baƙi, kabad wayam?"

Ta ajiye littafin a tebur. Sai da na rako ta bakin titi ta dube ni.

"Hajara, akwai abu ukku a ciki da ban taɓa sani ba. Kahin in kai gida na mance biyu."

Na san abin da za ku ce, don Aminu ya taɓa faɗa mini yana danna wayarsa: me ya hana a ɗauki hoto? Da wace wayar? Wayoyinmu na lokacin in sun yi ƙara ma mun gode Allah. Na gwada kwafi a wani shago a Kankara, injin ya fito mini da zanen baƙi ƙirin, ba ka bambance mahaifa da tukunya. Na gwada kwafewa da hannu, to ni ko kaza na zana sai an tambaye ni mece ce. Saboda haka wata Alhamis na zura littafin a ƙarƙashin hijabi na taho da shi gida. Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na ɗauko sabuwar reza. Kakarku Iya tana gefe tana ɓarar gyaɗa, ke kuma Bilki kina barci a bayanta, lokacin an fara shirin yaye ki.

"Ke Hajara, kanki ɗaya? Rubutu kike yankawa?"

"Ba na addini ba ne, Iya, na haihuwa ne."

"To shi ba ilimi ba ne? Allah shi shirye ki."

Na yi mata bayanin Hajiya Rabi da matar da ta rasu. Ta zuba mini ido ina raba littafin babi-babi, har goma sha biyu, ina yanka kwalin sabulu ina yi wa kowanne bango. Da na fara ɗinki da basilla sai ta yi tsaki ta ture faifan gyaɗar.

"Kawo nan. In za ki yi ɓarna ki yi ta da kyau. Wanga ɗinki naki ko kwana biyu ba shi yi."

Ita ta ɗinke su duka, ɗinki mai ƙarfi irin na bakin buhu. Don haka in gwaggonku Larai tana neman wanda ya taya ni laifi, ta fara da mahaifiyarta. Bangon littafin kuwa na cika shi da ragowar takarduna na wata-wata, waɗanda dama ba mai so, na mayar da shi kabad ya tsaya cak a tsakanin 'yan'uwansa. Daga bayan gilashi ba mai cewa an taɓa shi.

Wata biyar ɗin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk aikina, ba zan ɓoye muku ba. Babin zubar jini ya tafi Damari. Na jijjigar masu ciki ya tafi Daudawa, na jaririn da bai yi kuka ba ya tafi wani ƙauye a Kankara. A takardar wata sai na riƙa rubuta inda kowanne yake da inda zai nufa, ba tare da na ambaci sunan littafin ba. Abin mamaki, mutanen nan da ke ƙunshe ƙwaya da rubutuna suka fara aiko mini da wasiƙa. Wannan ya ce an riƙe babi kaza ya wuce wata, a karɓo masa. Waccan ta ce ba ta gane zane na uku ba. Babin yakan dawo da tabon manja, da rubutu a gefe, wani ma da kunne a naɗe, in yi ta mita ina gogewa, amma a zuciya ina jin daɗi. Har Malam Iro ya zo yana raɗa yana tambaya ko akwai wani littafin da za a yi wa irin wannan aiki. Kowa ya sani in ban da Alhaji Lawal, wanda yakan leƙo kowace Litinin ya duba gilashi ya ce madalla.

Sai baƙin suka zo. An share ko'ina, an fitar da masara, an sa wa tebur sabon mayafi. Cikinsu akwai wata mata mai tabarau, ta bi kabad da kallo, cikin littattafai sama da ɗari hannunta bai sauka ko'ina ba sai a kan koren. Ta jawo shi, takarduna suka zubo a ƙafafunta. Na ga Alhaji Lawal ya dafa bango. Ban taɓa jin tausayin mutum da haushinsa a lokaci ɗaya kamar ranar ba.

Aka ba ni takardar tuhuma, aka kafa kwamiti. Don Allah ku rubuta wannan a ranku, Alhaji Lawal bai nemi a cutar da ni ba, shi ya roƙa mini sassauci. Aka ce an ba ni mako guda in dawo da littafin cikakke, babu shafin da ya ɓace, a kai a ɗinke shi, a ja mini kunne a bar maganar. In ya gaza, to canjin wurin aiki ne, kuma kowa ya san irin wurin da ake tura mai laifi. Da na gaya wa babanku, ya ajiye cokali ya ce:

"Ki tattaro masu abinsu, ki ba da haƙuri, ki zamna ɗakinki. Ɗiya huɗu gare ki, Hajara. Kuma don Allah in kin shiga gabansu ki riƙe bakinki."

Gaskiya ya faɗa, kuma na yi niyyar bin maganarsa. Cikin kwana biyar na tattaro goma sha ɗaya, wasu da roƙo, wasu da faɗa. Saura na Damari. Na hau mota da sassafe, na ƙarasa da babur, na isa ƙafata duk ƙura. Hajiya Rabi ta tarbe ni, da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta kama hannuna ta ja ni ɗakin haihuwa. Ashe ta warware ɗinkin Iya. Ta dama sitaci ta manne shafukan a bango, a jere, daidai inda idon mai karɓar haihuwa zai sauka in tana tsaye a gefen gado. Abin da ke bayan kowane shafi ta kwafe shi da hannunta cikin Hausa, da manyan baƙaƙe, ta manna a gefensa, saboda matar da ke taya ta aiki ba ta jin Turanci. Ina ganin haka sai masifa ta zo mini.

"Haba Hajiya! Aro na ba ki, ban ce ki yi ma ɗaki ado da shi ba! Kin san abin da kika ja mani?"

"In jini ya ɓalle, da wane hannu za ni buɗe littahi? Duka biyun na cikin aiki."

Duk da haka ba ta yi gardama ba. Ta ce ba za ta zama sanadin rabuwata da gida ba. Ta aika aka kawo ruwan ɗumi da wuƙa, ta jiƙa tsumma ta dafa a kusurwar shafin farko, ta fara ɓamɓarowa a hankali. Da haƙuri zai fita, ko da ya yi dameji, kuma kwamiti shafi suka ce, ba su ce mai kyau ba. A bakin ƙofa akwai wata mata zaune a benci, cikinta ya tsufa, ta dafe ƙugu tana cije leɓe tana kallonmu, ba ta san me muke yi ba. Na dube ta, na dubi bangon. Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi muku ƙarya in ce na auna komai. Hannuna kawai na ga ya riƙe wuyan hannun Hajiya Rabi, na ce ta bar shi.

A gaban kwamiti na ajiye goma sha ɗaya. Shugabansu ya ƙirga sau biyu, ya tambaye ni ko na san abin da na yi ɓarnata kayan gwamnati ne. Na ce na sani. Ya ce ina na sha biyun? A nan ne ya kamata in tuna da maganar babanku, in sunkuyar da kai in ce a yi mini afuwa. Mai yiwuwa da sun yi. Sai na ji bakina yana cewa yana nan a bangon ɗakin haihuwa kusa da Damari, duk mai so ya ɗauki wuƙa ya je ya kankare da kansa. Alhaji Lawal ya rufe ido. Kafin mako ya zagayo takarda ta fito, an tura ni wani ƙauye can bayan Sabuwa. Babi goma sha ɗayan nan da mutane ke rububi aka ɗaure su da igiya aka kulle a kabad, wai shaida ce. Takardar wata kuma daga ranar ba a sake bugawa ba.

Babanku ba zai bar gona da shanunsa ya bi ni ba, ku manyan uku kuna makaranta. Wurin da aka ba ni ɗaki ɗaya ne a bayan asibiti, rijiyarsu tana ƙafewa tun kafin bazara, kuma ni kaɗai ce ungozoma, ko yaushe ana iya buga mini ƙofa. Ke Bilki kina ɗakin Iya ana yaye ki kamar yadda aka yi wa yayyenki, da niyyar ki yi 'yan makonni ki dawo wurina. Iya ta ce ba inda za a kai mata jika ta sha ruwan laka. Na yi kuka, na yi fushi, na ƙi cin abinci, amma na san ita ke da gaskiya. Hajiya Rabi ta sha gaya mini cewa bangon ɗakin haihuwar nan ya yi aiki. Ban ƙirga ba, ban kuma tambaye ta sunan kowa ba, don haka ba zan zo muku da wata mata in ce ga wadda na saya da shekarunku huɗu ba. Abin da ya fita daga hannuna shi na sani daidai.

Nakan zo gida ƙarshen wata in hanya ta yi kyau. A damina ta biyu ruwa ya yanke mana hanya, na yi wata uku ban zo ba. Ranar da na samu fitowa na sayo miki 'yan kunne da takalmin roba ja, tun a mota nake ta fito da su ina dubawa. Na yi sallama, yayyenki suka rugo suka rungume ni. Ke kina bakin ɗakin Iya, kin yi tsawo, an yi miki kitso. Kika dube ni, kika juya da gudu kika shige ciki. Na ɗauka kunya ce. Can sai ga ki kin fito da moɗa cike da ruwa, kin riƙe da hannu biyu, kina tafiya a hankali don kada ya zube. Kika zo gabana kika durƙusa, yadda Iya ta koya miki, kika miƙo mini. Sannan kika waiwaya kika ɗaga murya.

"Iya, na ba baƙuwa ruwa."

Iya ta buɗe baki za ta yi miki faɗa, na girgiza mata kai, don ba ki yi laifin komai ba, tarbiyya kika nuna. Na karɓi moɗar na ce Allah ya yi miki albarka. Ba ƙishirwa nake ji ba, amma kina tsaye kina jira ki mayar da moɗar, sai na shanye shi duka.